Fuskar da Ta Ƙi Fita daga Riga

Ku 'yan zamani da iyayenku ke turo mini shago duk hutun makaranta, na san abin da ke ranku tun kafin ku buɗe baki. Kun ga bidiyo a waya, wani ya shimfiɗa riga, ya ja roba sau ɗaya, ya ɗaga, hoto ya fito tas, sai kuka ce ai wannan ko da ido rufe. In na yi muku Hausa ku amsa mini da Turanci, in na miƙa muku buroshi na ce a wanke raga, ku dube ni kamar na ce ku yashe masai. To ku samu wuri ku zauna. Ni Rifkatu na haura shekara ashirin ina buga riguna a garin nan na Greensboro, kuma abin da zan gaya muku ba ya cikin bidiyon.

Ban zo Amurka don buga riga ba. Mijina ne ya zo karatu, na biyo shi da yara biyu da takardar koyarwa wadda har yau ba wanda ya tambaye ni ita. Wata mata a cocinmu ta ce akwai wani tsoho a Pleasant Garden da ke neman mai taya shi aiki, in dai na iya tuƙi, don can ko burodi za ka saya sai ka tada mota. Sunansa Mista Odell, bature ne siriri mara yawan magana, shagonsa kuwa tsohon rumbun shanya ganyen taba ne a bayan gidansa. Ranar farko hannuwana ya duba, bai dubi fuskata ba, sannan ya nuna mini wurin wanki.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai raga, wani yadi mai ƙananan huji da ake ɗaurewa tamau a jikin firam, har in ka buga shi da yatsa ya amsa kamar ganga. Ana shafe shi da wani ruwa mai kauri da ke daskarewa in haske ya taɓa shi. Sai a ɗora zanen da aka fitar a kan leda, a haska fitila mai ƙarfi, a fesa ruwa. Duk inda zanen ya tare hasken, wurin zai wanke ya bar kafa, ta nan tawada za ta bi ta sauka a kan riga. Akwai robar ja mai mariƙin katako, wadda ake tura tawadar da ita. Akwai tanderu, dogon inji mai bel da ke ɗaukar riga ya ratsa da ita cikin zafi ta fito ta ɗaya bakin. Kowace kala da ragarta. Hoto mai kala shida raga shida ke nan, in kuwa ɗaya ta goce da faɗin silin gashi, sai ka ga mutum ya fito da ido huɗu.

Watanni na yi ina wanke raga kafin Mista Odell ya bar ni na taɓa robar ja. Na sha wuya, hannuwana suka tsattsage, mijina ya ce in na gaji in dawo gida ba wanda zai yi mini dariya. Da tsohon ya ga ban gudu ba, wata rana ya ba ni riguna biyu iri ɗaya sak, ya ce in kai gida in riƙa wanke su tare da kayan yarana. Ba a jima ba ɗaya ta fara tsagewa, rubutun ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ɗayar ko gezau. Na kawo masa su na shimfiɗa a tebur.

Ya ce, "Wannan bushewa kawai ta yi. Waccan ta gasu. Ranar da mai saye ya karɓa ba zai iya bambance su ba, ke kaɗai kika sani."

Daga ranar ban sake yarda da idona ba. Duk rigar da ta fito daga tanderu sai na kama zanen da hannu biyu na ja. In ya tsage ta koma ciki, in ya miƙe ya dawo yadda yake ta wuce kwali. Shi ya sa nake yi muku tsawa in na ga kuna ƙara gudun bel don ku tashi da wuri.

Aikin farko da na yi da hannuna daga farko har ƙarshe na wasu samari huɗu ne da suka zo cikin wata tsohuwar mota mai tsamin taba. 'Yan kiɗan rok ne, irin na jita mai tsawa da ganguna, wanda mijina ke cewa kamar maƙera sun yi faɗa. Kala ɗaya suke so, baƙi a kan fari, sunan ƙungiyarsu kawai, don su sayar a bakin ƙofa in sun yi wasa. Mawaƙinsu dogo ne har sai ya sunkuya kafin ya shiga rumbun, don haka na sa masa Dogo, kuma da shi zan ci gaba da kiransa, sunansa na gaskiya ba zai fito daga bakina ba. Yaro mai ladabi, in ji idona. Ya cire hula, ya taya ni ɗaukar kwali, ya tambaye ni yadda ake gaisuwa da harshenmu. Na koya masa. Tun daga nan duk zuwan da zai yi, daga bakin ƙofa zai ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, Mama," ni kuwa in yi ta dariya ina gyara masa lafazi.

Samarin nan suka yi suna a kan idona. Daga ƙananan mashaya suka koma manyan filaye, rediyo ta ɗauke su, motar tsami ta zama doguwar bas mai baƙin gilashi. A tsakanin nan ƙarfin Mista Odell ya ƙare, ya bar mini injinan, na dawo da su cikin gari na buɗe wannan shagon da kuke zaune a ciki. Manyan kamfanoni suka karɓe yawancin aikin ƙungiyar, amma Dogo ya kafe a kan abu ɗaya. Ya sayi gona mai dawaki a Summerfield, duk bazara yana tara yara ƙanana a can yana koya musu jita kyauta, kuma ya ce rigunan yaran nan ba mai buga su sai Mama. Iyaye rububin sa 'ya'yansu suke yi, daga masu manyan gidaje na Irving Park har matan da ke share musu gidajen. Kowane yaro da zai shiga gonar ana sa masa riga shuɗiya mai hoton Dogo a ƙirji, yana dariya, riƙe da 'yar ƙaramar jita.

Wannan hoton shi ne aikin da ya fi kowane kyau a duk abin da hannuna ya taɓa yi, ba zan ɓoye muku ba. Buga fuskar mutum a kan yadi mai duhu ba wasa ba ne. Sai an fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, a ɗan gasa ta, sannan a bi da sauran kaloli ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zauna daidai a kan 'yar'uwarta. Kwanaki na yi ina haɗa kalar fatarsa, ina ɗiga ja, ina ɗiga rawaya, ina zubarwa ina sakewa, har sai da ta fito kamar jini na gudu a ciki. Haƙoransa, 'yar ramar da ke gefen bakinsa, hasken da ke cikin idonsa, duk na fitar da su. Na rataye ɗaya a tagar shago, mutane suka riƙa shigowa saboda ita. Makarantu, coci-coci, masu taron zuri'a, kowa ya ce irin waccan yake so. Na yi alfahari da rigar nan ƙwarai da gaske.

Shekarar da abin ya lalace, oda mafi girma da na taɓa samu ce ta zo. Za su faɗaɗa makarantar yaran zuwa wasu garuruwa, suka aiko da riguna na auduga zalla, masu laushi da kauri, daga na 'yan shekara biyar har na masu tasowa. Na buga har kafaɗata ta riƙe, kwalaye suka taru a ɗakin baya har suka kusa taɓa silin. Ana saura kaɗan a zo ɗauka, sai labari ya fito cewa 'yan sanda sun kama Dogo. Da farko cewa na yi sharri ne, ai duk wanda ya ɗaukaka sai an nemi jawo shi ƙasa. Shari'a ta ɗauki watanni, kwalaye na zaune, ni kuma kullum ina sauraron rediyo jikina na ƙara sanyi. Ranar yanke hukunci da rana tsaka ina tsaye a bakin tanderu. Kotu ta same shi da laifin lalata da yara ƙanana, shekara da shekaru, kuma yaran daga cikin waɗanda ke zuwa gonar ne. Aka yanke masa zaman gidan yari mai tsawon da da wuya ya fito da ƙafarsa. Na kashe injin na zauna a kan bokitin tawada, na yi kuka don yaran da iyayensu, kuma na ji ƙyamar hannuna, don duk yaron da ya shiga gonar nan da rigata ya shiga.

Ƙungiyar ta watse, rediyo ta daina sa waƙoƙinsu. Wani lauyan kamfaninsu ya bugo ya ce ba sa son kayan, in yi yadda na ga dama da su, in da hali ma in lalata. Na fara da ragogin hoton. Ku da ke wanke raga kuna ƙunƙuni kun san cewa bayan an kankare zane akan bar wata 'yar inuwa a jikin yadin, wadda ba ta hana aiki. Na wanke, na sake wankewa da magani mai ƙarfi, na ɗaga a hasken taga, sai ga shi yana dariya. Na ɗauko reza na yanke ragogin daga firam ɗinsu gaba ɗaya. Wannan mai sauƙi ne, raga ba ta tufatar da kowa.

Kwalayen ne suka tsaya mini a wuya. Ana cikin haka Hajiya Balaraba ta shigo. Bakanuwa ce mai shagon kayan abincin gida, ita ke haɗa kwantena zuwa Najeriya, kuma ƙawata ce tun yaranmu na aji ɗaya. A shekarar matan masallacinsu da na cocinmu sun haɗa kai suna tara tufafi don yaran da rikici ya raba da ƙauyukansu a can gida Najeriya. Wasu daga cikin yaran suna fake a makarantar firamaren da yayata Saratu ke koyarwa. Hajiya ta leƙa ɗakin baya, ta buɗe kwali ɗaya, ta murza yadin tsakanin yatsunta.

"Kai, Rifkatu! Auduga zalla, sababbi fil, kuma duk sayiz ɗin yara. Kina zaune a kan wannan muna bin gidaje muna roƙon tsofaffin kaya? Kwantena za ta rufe ƙarshen wata, ki ba ni su."

Na ce, "Hajiya, buɗe ta ki ga gaban."

Ta buɗe ta duba. "Na gan shi, Allah ya isar wa yaran. To amma wa ya san shi a can? Ke da kika tashi da gwanjo, kin taɓa karanta abin da ke rubuce a ƙirjinki? Ni da idona na ga dattijo zai shiga masallaci da singiletin tallan giya a ƙarƙashin taguwa, ba shi ya sani ba, ba liman ya sani ba. Yaron da ba shi da riga ba ya tambayar hoton waye."

"Ni na san waye."

"To sai ki ƙona, ki je ki yi wa Allah bayanin yadda kika ƙona suturar marayu don ranki bai so hoto ba."

"In kuma na aika, in yi masa bayanin yadda na manna wannan mutumin a ƙirjin marayu?"

Ta ɗauki jakarta ta ce, "Ke kika iya sana'arki. Ki cire shi, ki kawo mini riguna. Amma direba ba zai jira ki ba."

Gaskiya ta faɗa, ni ma gaskiya na faɗa, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Ba mu saba zubar da yadi mai kyau ba. Uwata ko tsumma ba ta yarwa sai ya zama zare. Abin da ke gabana ɗaya ne, rigunan nan su isa ga yaran kafin a rufe kwantena, kuma su isa ba tare da fuskar nan ba.

Na fara da maganin cire tawada, wanda muke ɗiga wa ƙaramin tabo da bindigar fesawa. A kan ɗigo ɗaya yana aiki. A kan fuska guda mai hawa shida, sai ya narkar da saman ya tura sauran cikin zaren, shuɗin ya koɗe, wari ya cika shago har maƙwabcina mai gyaran keke ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Rigar ta fito da wani dabbare-dabbare, kuma duk da haka ana ganin idanun. Na koma rufewa. Na buga baƙar tawada mai kauri a kan hoton, faffaɗa, da niyyar in ɗora wani zane a kai, ko fure ko ƙwallo. Daga gaba ya rufu. Amma da na karkata rigar a haske, sai ga shacin fuskar ya taso daga ƙasa, hanci da baki da komai, don farar tawadar da na shimfiɗa tun farko tana da tudu. Na ƙara hawa na biyu, na uku. Fuskar ta ɓace, rigar kuma ta zama tamfol. Na sa hannuna a ciki na tsaya a rana na ɗan lokaci, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Yaron da zai sa wannan a zafin gida ƙuraje ne za su feso masa.

Da dabara ta ƙare mini na ɗauki riga ɗaya na tuƙa zuwa Pleasant Garden. Mista Odell na zaune a barandarsa da bargo a gwiwa, ya tsufa ƙwarai, amma ya ji labarin kamar kowa. Na gaya masa duk abin da na gwada. Ya karɓi rigar, hannunsa ya kama zanen ya ja kamar yadda ya saba, ya fara gyaɗa kai, sai kuma ya tuna ko hoton waye ya daina. Ya kife ta a cinyarsa don kada ya ci gaba da ganin fuskar. Muka zuba wa bayan rigar ido, shuɗi fes, ba ɗigon komai.

Ya ce, "Nan ba ki taɓa ba."

A hanyar dawowa na gama lissafin a kaina. In aka farke riga biyu, aka cire gabansu, aka haɗa baya da baya, za a sami riga ɗaya mai tsabta. Sai dai a ɗan zurfafa wuyan ɓangaren da zai zama gaba, a mayar da bakin wuyan da hannuwan. Na kira Hajiya na gaya mata. Ta ce, "Wato rabi ke nan." Na ce rabi ke nan.

Matan nan sun yi ƙoƙari, ba zan manta musu ba. Duk Asabar da Lahadi bayan an tashi coci, da sauran ranaku ga wadda ta samu sarari, suka riƙa zuwa da kekunan ɗinkinsu a bayan mota. Masu hijabi da masu ɗankwali, nas-nas da suka fito daga aiki, matan ɗalibai da goyo a baya, muka ture injinan bugu gefe muka shimfiɗa tebura. Wasu na farkewa, wasu na yanka, wasu na haɗawa. Hajiya ta fi kowa mita kuma almakashinta ya fi na kowa sauri. Ba wadda ta ce a yi, amma kowa ta yanke gaban riga sai ta kife shi kafin ta ajiye. Wata 'yar Nijar ta ce a ba ta yankakkun ta yi tsumman goge ƙasa, ai ya dace da shi. Muka yi dariya, amma na hana, don tana da yara a gida. Na ɗure su a baƙaƙen leda na kai juji da kaina.

Rigunan sun fito da ɗan bambanci, kafaɗar ba ta zauna yadda ta kamfani ke zama ba, amma riguna ne masu kyau da za a sa a ji daɗi. Ba mu gama duka ba ma, ranar rufe kwantena ta riske mu da sauran kwalaye a ɗaki, sai daga baya muka ƙarasa aka raba a nan gari. Da ake loda kayan Hajiya ta tsaya kusa da ni ta ce a hankali, "Kin mayar da biyu ɗaya. Yaro ɗaya zai sa, ɗaya ya tsaya yana kallo." Ni ma na riga na faɗa wa kaina haka tun kafin ta faɗa. Shekarar ta ƙare mini da wuya, babban kwastoma ya tafi, waɗanda suka san ni da rigar taga suka ɗan ja baya, sai da na koma buga wa 'yan ƙwallon unguwa kafin shago ya farfaɗo. Duk da haka raina a kwance yake cewa ko ba komai fuskar nan ba ta tsallaka teku ba.

Bayan wasu watanni, ran wata Lahadi da rana, Yaya Saratu ta kira ni ta bidiyo. Kaya sun iso, an raba, tana so in gani da idona. Ta juya wayar, ga yara a filin makaranta cikin shuɗi, suna tsalle suna ɗaga mini hannu, wuyan da muka yanka ya zauna daidai. Ina murmushi ina share ido, sai na hango wata yarinya a tsakiyarsu, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Ita ma shuɗiyar riga ce a jikinta, amma ta tsufa ta yi haske a kafaɗa. A ƙirjinta ga Dogo yana dariya, riƙe da 'yar jitarsa.

Na ce, "Yaya, tsaya. Waccan yarinyar, ina ta sami wannan rigar?"

"Au, ai taki ce. Cikin waɗanda kike aikowa a da ne."

Sai a lokacin na tuna. A sana'ar nan kowane aiki yana barin 'yan rigunan da suka sami ɗan aibi, ɗigon tawada a hannu ko zane ya ɗan karkace. Ba a sayar da su, ba a ba kwastoma. Ni kuwa duk shekara in wani zai je gida sai in cusa masa su a akwati, na coci da na makaranta da na gonar Dogo duk a haɗe, a raba wa yaran dangi. Daga yaran dangi su wuce ga ƙannensu, daga nan su tafi ƙauye. Duk tsawon lokacin da na yi ina yaƙi da kwalayen ɗakin baya, ko sau ɗaya waɗannan ba su faɗo mini a rai ba.

Yaya ba ta san komai ba, ban taɓa ba ta labarin ba. Ta yafito yarinyar ta ce, "Zo ki gai da mai rigarki." Yarinyar ta matso ta ɗan rusuna.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau, 'yata. Ba a ba ki sabuwa ba?"

"An ba ni. Na ajiye."

"Me ya sa ba ki sa ta ba?"

Ta dubi ƙirjinta ta shafa hoton da tafin hannu. "Wannan ta fi kyau. Mutumin yana dariya."

Na ce wa Yaya ta matsa inda yara ba za su ji ba. Ta koma bayan aji, na gaya mata ko waye, da abin da ya yi, a taƙaice. Ta dafe ƙirji ta kira sunan Yesu. Ta tambaye ni guda nawa na aiko a tsawon shekarun, na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Na ce ko ta halin ƙaƙa ta karɓe wannan ɗin ta ƙona, zan aiko wa yarinyar duk irin wadda take so.

Ina jin hayaniyar yaran daga nesa. Yaya ta ce, "Rifkatu, da ita ta gudo. Ranar da aka shiga ƙauyensu ita ce a jikinta, uwarta ce ta sa mata da safe. Ba ta da wani abu na gidansu sai ita. In an wanke, a gindin igiya take zama har ta bushe. Ki gaya mini me zan ce mata."

Baƙin ciki ya cika ni har ya bayyana a fuskata.

Da ta ga haka sai ta sassauta murya, irin ta babbar ya mai lallashi. "Ki kwantar da hankalinki. A bar mata. Yara ne, kullum tana cikin wanki da rana, kwana nawa ne hoton zai koɗe ya ɓare, ta manta da shi."

Na ce, "Yaya, ba zai ɓare ba. Ni na gasa shi."